Teburin da Ba Ya Fita ta Ƙofa

Masu turo min saƙo kuna cewa in riƙe saurayina da hannu biyu, wai irinsa ba a tsintarsa a hanya, na ji, na kuma gode. Ku ɗan ajiye nasihar tukuna. Bari in ba ku labarin teburina, in kun gama ji sai ku ci gaba da wa'azin, in har da sauran yawu a bakinku.

Ga wadda yau ta fara cin karo da rubutuna: a shagon sayar da magani nake aiki. Daga safe zuwa yamma ina cikin farar riga, ina fama da rubutun likitoci wanda su kansu ba na jin suna iya karanta shi. In na dawo gida, ko ranar hutu, sai in tuɓe farar rigar in zura wata tsohuwar rigar Abba mai dogon hannu, in ɗaure kaina tam da ɗankwali, in shige gareji in hau yankan katako. Ba sana'a ba ce, ko kujerar tsugunno ban taɓa sayarwa ba. So ne kawai. Abin ya samo asali ne daga ƙofar kabad ɗin kicin ɗinmu da ta daɗe tana reto, kowa ya wuce sai ya ce a kira kafinta, ba mai kira. Ranar da ta faɗo min a yatsan ƙafa na fusata, na buɗe waya na nemi yadda ake gyarawa, na gyara. Shi ke nan, aljanin ya kama ni. Kantar takalman da ke bakin falonmu ni na yi ta. Akwatin da Umma ke zuba zannuwan gado ni na yi shi. Har durowar da Abba ke ɓoye alewar da likita ya hana shi, aikina ce.

Umma tana amfani da su duka, amma in baƙi suka yaba sai ta kawar da kai ta ce ai tsofaffin kaya ne. Hannuna kuwa ya zama abin dubawarta na kullum. Sai ta kamo shi ta juya, ta shafa kantar da ta fito min a tafi, ta ja tsaki ta ce hannun mace ne wannan ko na mai faskare. Man shafawa kala-kala ta jibge min a gaban madubi, ni kuma in shafa da safe in goge shi da garin katako da yamma.

Garejin ma aro ne. Tun da Abba ya sayar da motarsa ya zama kango, na share na shiga. Yaya, babban wanmu, ya daɗe yana haɗiyar yawu a kansa, yana so ya fasa bangon da ke kallon titi ya buɗe shagon kayan waya. Abba ya yanke hukunci cewa a bar ni har a sa ranar aurena. Tun daga lokacin Yaya ya fi kowa yi min addu'ar samun miji nagari.

Sai ga Mai Turare. Goggo, ƙanwar Abba da ke zaune tare da mu, ita ta raɗa masa sunan, don ta ce ƙamshinsa ke fara yin sallama kafin shi ya iso. Mura ce ta kawo shi shagonmu. Ina miƙa masa magani ya ga filasta a babban yatsana, ya tambayi ko wuƙar kicin ce. Na ce masa zarto ne, kai tsaye, don ya tsorata ya kama gabansa kamar yadda wasu biyu suka yi kafin shi. Maimakon haka sai ya jingina da kanta ya ce in nuna masa abin da na yanka. Ya daɗe yana kallon hotunan, yana buɗa su da yatsu yana duba kusurwoyi. Ranar ya tafi da maganin mura da lambar wayata.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so shi. Mutum ne mai tsafta, rigarsa kullum kamar yanzu aka sauke ta daga guga, ga magana a hankali. Kafintata yake kirana. In na tura masa hoton abin da na haɗa, kafin in ajiye wayar ya amsa. Wata rana na tura masa hoton garin katako a girata, ya rubuto: "Wannan kwalliyar ta fi ta shago." Ku faɗa min, wace ce za a ce wa haka ta ƙi narkewa, alhali a gidansu ana ɓoye aikinta kamar abin kunya?

Da magana ta yi nisa, manya suka shiga, ya kama gida a hawa na biyu na wani sabon bene. Ya ɗauko min bidiyo yana zagayawa: ga falo, ga kicin, ga ɗakin kwana. A ƙarshen doguwar baranda ya tura wata siririyar ƙofa, sai ga ɗan ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya, rana ta zubo har tsakiyarsa. A ƙarƙashin bidiyon ya rubuta:

"Wannan naki ne, Kafintata. Ki cika shi da ƙura yadda ranki ke so."

Na karanta saƙon nan har na haddace shi. Da gudu na kai wa Umma tana tsintar wake, na ɗora mata wayar a kan tiren. Ta karanta, ta ture ta gefe da bayan hannu, ta ce namiji kafin aure ko wata kika ce ya ciro miki, cewa zai yi bari ya aro tsani. Sannan ta tambaye ni ko danginsa sun san ina wannan abin. Na ce ina ruwan danginsa, da shi zan zauna ko da su? Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ta ci gaba da tsintarta. Haushi ya kama ni, na ɗauke wayata na fita ina cewa a raina ai ita ba ta san irin nawa ba.

To ku ji abin da na yi da ɗakin. A gareji, a kan wata tsohuwar ƙofa da na ɗora bisa ganguna biyu nake aiki. In na ja zarto ta yi gaba, in na buga guduma ta yi tsalle. Burina a duniya in mallaki teburin aiki na gaske, mai nauyi, wanda ko jaki ya yi karo da shi jakin ne zai faɗi. Na je na auno ɗakin, Goggo na biye da ni. Tsayin teburin kuma a jikina na auna shi, daga ƙasa zuwa wuyan hannuna, don ni gajera ce, kuma teburin da ya fi ƙarfin mai shi bayansa yake ci. Na nemo katako mai kauri na saman, na huda masa ramuka a jere inda zan riƙa soka turaku suna tare min abin da nake gogewa. A gefe ɗaya na ɗaura ƙarfen matse katako, wanda na daɗe ina leƙensa a shago kafin ya zama nawa.

Matsalar ɗaya ce, ƙofar ɗakin siririya ce, teburin kuma ƙato. Dole a shiga da shi gunduwa-gunduwa a haɗa a ciki. Haɗawar kuwa iri biyu ce. Ko dai ka sa noti, duk ranar da ka so ka kwance abinka ka ɗauka, amma da tafiya ta yi tafiya sai ya fara girgiɗi. Ko kuma ka sassaƙa rami a jikin ƙafar, ka fere bakin katakon da zai shiga ya zama daidai da ramin, ka shafa gam ka buga shi ciki. Wannan ba ƙusa ba noti, kuma in ya bushe ya zama jiki ɗaya har abada. Ni wannan na biyun nake so, shi na ɓata shekaru ina koyo, na lalata katakon da ba zai ƙirgu ba kafin hannuna ya faɗa.

Dattijon da nake sayen katako a wurinsa, da na zana masa abin a bayan kwali, ya tambaye ni inda za a ajiye. Na faɗa masa. Ya sosa gemu, sannan ya ce, "'Yata, ɗakin da ba ke ke riƙe da makullinsa ba, noti ake sa masa." Na yi dariya na ce ai ɗakina ne, Baba, an ba ni. Ya ce to Allah ya sa alheri, ya ɗaure min katakona.

Ranar haɗawa, Mai Turare da kansa ya yi ta hawa da sauka da gunduwoyin, ya naɗe hannun rigarsa, gumi na cin turaren. Goggo ta shimfiɗa ɗankwali a baranda ta zauna tana fifita tana gadinmu. Shi ya riƙe min ƙafar teburin ina bugawa. Gam ya ɗiga masa a hannun riga, ya kalla ya yi dariya ya ce shaida ce. Kafin in shafa na ƙarshe sai da na tsaya na dube shi na ce masa ya sani fa, in gam ɗin nan ya bushe teburin ba zai ƙara fita ta ƙofar nan ba sai an yanka shi.

Ya ce, "Ina za shi? Ai nan ne gidansa."

Ku riƙe wannan, don kada wata ta zo ta ce min wataƙila bai sani ba. Ya sani. Da hannunsa ya matse min katakon har gam ya tsattsafo. Bayan nan na kafa kantoci a bango, kowane abin aiki da gurbinsa, zarto da nasa, guduma da nata, har ɗan lungun da zan riƙa ajiye fensir. Da muka gama na hau kan teburin na zauna ina lilo da ƙafa, ko motsi bai yi ba. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma yanzu in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Aka sa rana. Tun ba a gama watsewa ba Yaya ya fara zagaye gareji da igiyar awo yana fito. Na roƙe shi ya ƙara min lokaci, ya ce alkawari kaya ne, kuma ai ya ji an ba ni ɗaki guda a gidan miji, me zan yi da kangon nan? Gaskiyarsa ce. Asabar ɗin da ta wuce da safe na tattara kayan aikina kaf na jera su a babban akwatin da na yi musu, na share garin katakon ƙarshe, na miƙa masa makulli. Ban ko waiwaya ba, don a tunanina gaba ta fi baya.

A ranar ne kuma Mai Turare ya ce mu zo gidan, babbar yayarsu za ta zo a ga labulayen da aka sa, tana so mu gaisa sosai. Anti suke ce mata. Ita ta riƙe shi tun yana makaranta, shugabar wata makarantar 'yan mata ce, kuma a gidansu in ta yi magana ta zauna. Sau ɗaya na taɓa ganinta, a cikin taro, ban wuce gaisuwa ba. Umma na jin haka ta tashi tsaye. Ta ciro min koriyar doguwar rigata mai aiki a wuya, da mayafi ruwan madara mai bakin zinariya, da takalmin nan mai tsini da ke cin ɗan yatsana. Ta mulke min hannu da mai har yana ƙyalli, ta ce in riƙa ajiye shi a ƙarƙashin mayafi, kuma in an tambaye ni abin da nake yi in na dawo aiki in ce karatu. Da ta ga ina jan akwatin zuwa bakin ƙofa ta dafe kai. Na ce mata ba ni da inda zan bar shi, Yaya ya karɓi makulli. Ta shiga ɗaki ta ɗauko wani zanin gado mai furanni ta lulluɓe shi ruf, ta ɗaure bakin.

Muna cikin tasi ni da Goggo saƙonsa ya shigo: "Kayan aikin ki bar su tukuna, ba yau ba." Na ɗauka wahalar hawa bene yake tausaya min. Na rubuta masa cewa ai suna bayan mota, gareji ya zama na Yaya tun safe. Alamar ya karanta ta fito. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Har muka isa ba abin da ya shigo. Na ce wa kaina hidima ce ta yi masa yawa.

Direban ya taimaka ya hau mana da akwatin, yana nishi yana tambayar ko duwatsu muka zuba, ya dire shi a baranda. Anti ce ta buɗe mana. Doguwa ce, mai jiki, da tabarau rataye a wuya da sarƙa, shuɗin leshi a jikinta, muryarta irin ta wadda ta saba magana a gaban layin ɗalibai. Ta rungume ni ta ce maraba da ƙanwata, ta gaisa da Goggo da girmamawa. Ta hango akwatin ta ce har an fara kawo tukwane ke nan, Goggo ta yi caraf ta ce e, 'yan tarkace ne. Shi kuwa yana tsaye a bayan yayarsa cikin farar riga, ya gaishe da Goggo, ni kuma ya gaishe da gefen kunnena, don idona dai bai kalla ba.

Anti ta kama hannuna ta mayafi ta shiga zagayawa da ni. Labulen falo ruwan toka, ita ta zaɓa. Na ɗakin kwana mai ratsin zinariya, ita ta zaɓa. Ina ta cewa sun yi kyau, kuma sun yi ɗin. Muka miƙe baranda, ta tura siririyar ƙofar.

Wallahi da farko na ɗauka wani ɗakin ne. An shimfiɗa kafet ja. Tagar da rana ke shigowa an toshe ta da labule mai kauri. Kantocina, waɗanda na auna wa kowane abin aiki gurbinsa, an cusa musu tawul da zannuwan gado a ninke. Teburina kuma an lulluɓe shi da ledar tebur mai hoton 'ya'yan itace, an ɗora dutsen guga a kai. A gefen da ƙarfen matse katako yake, ledar ta lotsa, babu komai a wurin. Na ɗaga ta kaɗan. An ɓamɓare shi ne da ƙarfi, ba a ko kwance shi ba, katakon ya tsage ya yi gashi.

Anti tana ta bayani. Nan ne ɗakin Hajiyarsu in ta zo ganin likita, don tana yawan zuwa, kuma ba zai yiwu tsohuwa ta riƙa kwana a falo ba. An riga an yi odar gado, jibi za a kawo. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne wannan jibgegen tebur. Ta sa masu fenti su fitar da shi, sun juya shi ta kowace fuska, sun kwantar, sun tayar, ya ƙi fita. Sun nemi noti su kwance babu, sun nemi ƙusa babu. Ta yaye ledar gaba ɗaya tana nuna wa Goggo. Wai ta ga teburin cin abinci, ta ga na karatu, amma ba ta taɓa ganin gajeren tebur kamar na 'yan firamare mai nauyin saniya ba, ga ramuka a samansa kamar gara ta ci, ga wani ƙarfe a gefe da ya kusa yaga mata zani. Ta ce wanda ya yi shi ko dai mahaukaci ne ko mugu.

Sai ta juya ta tambayi ƙanenta wane ne ma ya ce ya yi masa wannan aika-aikar.

Ya gyara murya. Ya ce, "Wani kafinta ne, Anti, can bayan ofishinmu."

Jama'a, na sha jin ana cewa maganar mutum ta soki wani, ranar na san ba ƙari ake yi ba. Kunnena ya yi ɗif. Wani kafinta. Mutumin da ya riƙe min ƙafar teburin nan, wanda gam ɗinsa ya ɓata masa riga. Goggo ta matso ta mintsine ni a cinya ta cikin riga, irin mintsinin da ke nufin ki haɗiye, a gida ma yi magana. Na haɗiye. Na ce a raina wataƙila tsoron yayarsa ne ya sa bakinsa ya suɓuce, bari in ba shi dama, yanzu zai gyara.

Anti ta ce to ya kira kafintan yanzu-yanzu, ya zo da zartonsa ya yayyanka abin nan a fitar kafin a kawo gado. Ya zaro waya. Ina kallonsa yana latsawa, ya sunkuyar da kai kamar mai neman lamba. Sai na ji jakata ta yi zuu a hammatata. Na buɗe. Shi ne, yana tsaye kusa da ni har ina shaƙar turarensa:

"Don Allah ki rufa min asiri. Zan miki bayani. Ki dawo ranar da ba ta nan ki raba shi da kanki, ke kika san yadda kika haɗa."

Sannan ya kara wayar a kunne, ya ɗan jira, ya ce wa Anti ba ta shiga.

Na karanta saƙon sau biyu. Ba haƙurin da ya ba ni a ciki, ba maganar inda zan koma da kayana. In lallaɓo kamar ɓarauniya in yanka abina da hannuna, don kada yayarsa ta san wadda zai aura. Na tuna Umma da tirenta, na ji haushinta ya ƙaru don ta fi ni gaskiya.

Na fita baranda. Goggo ta biyo ni tana raɗa min in ji tsoron Allah, in tuna an sa rana, in tuna idon jama'a. Na kwance zanin gadon Umma, na buɗe akwatin, na zaro babban zartona. Na dawo ɗakin da shi a hannu, da koriyar rigata da takalmi mai tsini.

Na ce, "Anti, ba sai an wahalar da waya ba. Ni ce kafintan."

Ta yi dariya tukuna, don ta ɗauka raha ce. Da ta ga ba wanda ya taya ta sai ta sa tabaraunta. Ta kalli zarton, ta leƙa baranda ta ga akwatin a buɗe, guduma da sauran kaya a jere. Ta kamo hannuna, wannan karon ba ta mayafi ba, ta juya tafin ta shafa. Duk man Umma bai ɓoye komai ba. Ta tambayi ƙanenta ko gaskiya ne.

Ya ce ai ɗan wasa ne nake yi da shi don rage zaman banza, kuma mun riga mun yi magana, kafin biki zan bari. Ni da shi ba mu taɓa yin wannan maganar ba, ko a mafarki.

Abin da ya fi ƙona min rai, Anti ba ta yi abin da yake tsoro ba. Ba ta yi salati ba, ba ta taɓe baki ba. Ta dafa teburin da hannu biyu ta girgiza, ya ƙi motsi. Ta sunkuya ta leƙa inda ƙafa ta haɗu da gindi, ta bi wurin da farce tana neman tsaga ba ta samu ba. Ta miƙe ta ce min in yafe mata, ta tsaya a gabana tana zagina ba ta sani ba. Ta ce da an faɗa mata tun farko da ba a kai ga haka ba. Ashe duk ɓoyon nan ba don ita ba ne. Shi ne abin ke ba kunya.

Sai ta juya gare shi, da muryar nan tata ta ofis, ta ce, "Kai nake tambaya, kuma gidanka ne. Ɗakin nan na waye?"

Ga ƙofa an buɗe masa har bango. Kalma ɗaya ce. Na tsaya ina kallon bakinsa, kuma kunya nake ji in faɗa muku, har a lokacin addu'a nake yi a zuciyata. Da ya ce nata ne, wallahi da na yafe wani kafinta, na yafe saƙon, na yafe ƙarfen da aka ɓamɓare.

Ya kalli kafet. Ya ce na Hajiya ne, kamar yadda aka tsara, kuma ai bai dace a ce matarsa tana buge-buge a bene maƙwabta na ji ba.

Anti ta cire tabaraunta. Goggo ta jingina da ƙofa tana kiran sunan Allah a hankali.

Na cire mayafina na miƙa wa Goggo. Na tuɓe takalman na ture su gefe. Na sauke dutsen gugar na ajiye a ƙasa. Na durƙusa a kan jan kafet ɗin, na ɗora haƙoran zarton a kan katakon da ya haɗa ƙafafun gaba, dab da inda shi ya riƙe min ranar. Ban ja ba. Na ɗaga kai na dube shi, wannan karon sai da ya kalle ni. Na jira. Ko a nan da ya ce bari, da na bari.

Ya buɗe baki.

Ya ce, "Ki yi a hankali da bangon, sabon fenti ne."

Na ja zarton. Katako ne mai kyau, na zaɓe shi da kaina, bai yarda da sauƙi ba. Garinsa ya fara zuba a kan kafet ɗin da kan koriyar rigata, ban kakkaɓe ba. Na ji Goggo ta fita baranda tana magana ƙasa-ƙasa a waya, na san kuma da wa take yi. Ba a jima ba jakata ta fara ruri a kan kanta, ƙarar da na sa wa lambar Umma ita kaɗai. Ta katse, ta sake kira, ta kuma katsewa, ta sake.

Anti ta ce min, a hankali, "Ƙanwata, ana kiranki."

Na ce na ji, Anti, hannuna biyu na kan aiki.